Yadda Ake Mayar da Hoton Ajiyar Faifai a Kan Sashen da Ya Fi na Asali Ƙanƙanta

Tambayar da masu gyaran kwamfuta da masu kula da kwamfutocin ofis suke yawan aikowa kusan iri ɗaya ce. Mutum ya ɗauki hoton tsohon faifansa mai gigabayit 500, wato cikakken kwafin ajiya na abin da ke cikinsa, da manhajar kwafar faifai mai suna Clonezilla, ya sayi faifan zamani na SSD mai gigabayit 256 domin kwamfutar ta ƙara sauri, da ya zo mayar da hoton sai manhajar ta tsaya cak ta rubuta masa "Destination disk is too small". Abin da ke ɗaure masa kai shi ne fayilolin da ke cikin tsohon faifan duka-duka ba su wuce gigabayit 90 ba, hoton kansa ma bai kai haka ba tunda an matse shi.

Dalilin shi ne Clonezilla ba fayiloli take kwafa ɗaya bayan ɗaya ba. Tana amfani da wata manhaja mai suna partclone wadda ke kwafar guraben da ke ɗauke da bayanai, kowane gurbi tare da lambar wurin da yake zaune a cikin sashen faifan. Kamar ɗan kasuwa ne mai shago mai kanta 500 wanda ya rubuta wa kowane kaya lambar kantarsa: ko da kayan ba su cika kanta 100 ba, matuƙar wasu suna kan kanta ta 450, shago mai kanta 250 ba shi da inda zai ajiye su sai an fara tattaro su gaba an sake rubuta lambobin. Wannan tattarowar ita ce ainihin aikin, sunanta rage tsarin fayil, kuma dole ne a yi ta kafin a zuba komai a kan sabon faifan. Misalin da za mu bi shi ne Windows 10 ko 11 a kan kwamfuta mai tsarin tashi na UEFI da teburin sassan faifai na GPT, inda Linux ya bambanta kuma zan faɗa a wurin.

Kayan aiki da abin da za a kashe

Manhajojin duka kyauta ne: Clonezilla Live da GParted Live mai rage ko faɗaɗa sassan faifai, sai Ventoy wadda ke ba ka damar zuba su biyun a filashi ɗaya, tare da fayil ɗin girka Windows wanda za ka iya buƙata a ƙarshe. Filashi mai gigabayit 16 ya wadatar. Kuɗin da za a kashe yana kan SSD ɗin, da wayar da ke haɗa faifan SATA da USB idan laftof ce mai gurbin faifai ɗaya, da kuma faifan waje mai sarari. Farashinsu yana hawa da sauka tare da dala, don haka ka tambaya a kasuwa ranar da za ka saya, kuma ka nemi a ba ka damar mayarwa idan SSD ɗin bai nuna girman da aka rubuta a jikinsa ba.

Abin da ya fi kuɗi muhimmanci shi ne wuta. Ɗaukewar wuta a tsakiyar rage tsarin fayil tana iya lalata sashen gaba ɗaya. Idan laftof ce, a cika mata caji a bar ta a jone. Idan ta tebur ce, kada a fara sai da UPS ko inbata, domin ɗan tsakanin da ke faruwa lokacin sauyawa daga wutar NEPA zuwa janareta ya isa ya kashe aikin. A tuna kuma babban faifan waje mai cajarsa daban yana mutuwa da zarar an ɗauke wuta, ko da laftof ɗin tana nan a kunne. Game da lokaci, gigabayit 100 yana ɗaukar kimanin minti 17 idan ana kwafa da megabayit 100 a daƙiƙa, amma ta tsohuwar kafar USB 2.0 zai kai kusan awa guda, kuma za a kwafa fiye da sau ɗaya.

Mataki na 1: Auna komai da sekta

Ka tayar da kwamfutar daga filashin Clonezilla, bayan zaɓen harshe da allon rubutu ka zaɓi Enter_shell, ka rubuta sudo -i, sannan:

lsblk -o NAME,SIZE,FSTYPE,MODEL

Ka ɗauki biro da takarda ka rubuta wane suna ne na SSD, wane ne na faifan da hoton yake ciki. A wannan jagora SSD shi ne /dev/sda, faifan waje kuma /dev/sdc, amma naka na iya bambanta, SSD irin na NVMe ma sunansa /dev/nvme0n1 ne, sassansa kuma nvme0n1p1, nvme0n1p2 da sauransu.

Gargaɗi: waɗannan sunaye suna iya sauyawa duk lokacin da aka sake tayar da kwamfuta ko aka cire wani abu aka mayar. Ka sake duba lsblk kafin kowane umarni mai rubutu a kan faifai. Harafi ɗaya da aka kuskure ya isa ya sa a zuba hoto a kan faifan da ke riƙe da hoton.

Daga nan sai ka nemi ainihin girman SSD ɗin da blockdev --getsz /dev/sda, wanda zai ba ka adadin sektoci, wato ƙananan guraben faifai masu bayit 512. SSD mai gigabayit 256 yawanci yana ba da 500118192, faifai mai gigabayit 500 kuma 976773168. Kada ka dogara da lambar da ke jikin kwali, domin masu ƙera faifai suna lissafi da 1000, Windows kuma da 1024, shi ya sa 256 ke bayyana a matsayin 238, 240 kuma a matsayin 223. Mutane da yawa sun rage sashensu zuwa 250 suna ganin ya isa, aka wayi gari bai shiga ba.

Sai ka ɗora faifan waje ka shiga foldar hoton:

mkdir /mnt/ajiya
mount /dev/sdc1 /mnt/ajiya

Fayiloli biyu za ka karanta a ciki. Na farko sda-pt.sf, wanda ke ɗauke da teburin tsohon faifan, kowane sashe da inda ya fara da girmansa. Na biyu clonezilla-img, inda aka rubuta abin da ya gudana lokacin ɗaukar hoton, a nan ne za ka ga layin Space in use na kowane sashe, wato ainihin nauyin bayanan. Idan wannan nauyi ya haura kashi 80 cikin 100 na sabon sashen, shawarata ita ce ka yi shirin fitar da bidiyoyi da manyan fayiloli zuwa wani wuri, domin SSD da aka cika maƙil yana rage sauri, Windows kuma tana buƙatar sarari don sabunta kanta.

Mataki na 2: Zaɓi hanya

Idan tsohon faifan yana nan da ransa kuma Windows tana tashi a kansa, ka bi mataki na 3, ka tsallake na 4. Idan ya mutu, ko an sayar da kwamfutar, ko an riga an goge shi, hoton kaɗai ya rage, ka tsallake na 3 ka tafi na 4. Hanyoyin biyu suna haɗuwa a mataki na 5. Idan kuwa faifan yana nan amma yana ƙara ko yana sanƙarewa, ka duba lafiyarsa da smartctl -a, kuma kada ka yi gigin rage komai a kansa; ka ɗauke shi kamar wanda ya mutu ka yi aiki da hoton.

Mataki na 3: Idan tsohon faifai yana aiki

Kada ka taɓa hoton da kake da shi. Shi ne ajiyarka ta ko-ta-kwana har sai an gama komai, kuma idan ya kwana biyu, ka ɗauki sabo cikakke kafin ka rage ko da bayit ɗaya.

Ka shiga Windows, ka buɗe tagar umarni da ikon mai gudanarwa, ka fara da manage-bde -status. Idan BitLocker, makullin faifai na Windows, yana kunne, ka kashe shi da manage-bde -off C: ka jira har ya gama buɗe faifan baki ɗaya, abin da kan ɗauki sa'o'i. Wannan ba abin tsallakewa ba ne, domin sashen da ke kulle GParted ba za ta iya rage shi ba, Clonezilla kuma za ta kwafe shi sekta bayan sekta da cikakken girmansa. Kwamfutoci da yawa masu Windows 11 suna zuwa da wannan kulle a kunne ba tare da mai su ya sani ba.

Bayan haka ka rubuta powercfg /h off. Wannan yana kashe dogon barcin kwamfuta tare da saurin tashi da ake kira Fast Startup, waɗanda ke barin sashen a wani hali na rabin rufewa wanda manhajojin Linux ke ƙin taɓawa. Sai chkdsk C: /f, ka amsa da Y, ka sake tayar da kwamfutar ka bar ta ta gama dubawa, sannan ka kashe ta gaba ɗaya.

Ana iya gwada ragewa daga cikin Windows ta Disk Management, sai dai sau da yawa tana tsayawa a wani wuri ta ce ba za ta wuce nan ba, saboda akwai fayilolin da ba ta iya matsarwa tana cikin aiki. GParted ba ta da wannan matsala. Ka tayar da ita daga filashi, ka zaɓi sashen C, wanda yawanci shi ne mafi girma mai NTFS, ka danna Resize/Move, ka ja shi daga gefen dama kawai zuwa abin da ya gaza sabon sashen sosai, misali 200000 MiB. Ba sai ka matse lissafi ba, tunda za a faɗaɗa shi ya cika wurinsa a ƙarshe.

Gargaɗi: kada ka taɓa gefen hagu. Matsar da farkon sashe yana sa a kwashe dukkan bayanan daga wuri zuwa wuri, aiki mai tsawo da haɗari wanda ba a buƙatarsa. Ƙaramin sashen farfaɗo da Windows da ke can ƙarshen faifai ma ka bar shi inda yake, a mataki na 5 za mu ba shi sabon mazauni.

Idan GParted ta gama, ka tayar da Windows a kan tsohon faifan. Za ta yi binciken faifai da kanta, ka ƙyale ta, ka sake tayar da ita sau ɗaya don tabbatarwa, ka kashe. Sannan ka ɗauki sabon hoto da zaɓin savedisk na Clonezilla, ka ba shi suna daban da na farko. Wannan sabon hoton ne za ka zuba.

Mataki na 4: Idan hoton kaɗai ya rage

Nan ne mutane suka fi karaya, suna ganin sai sun ari wani faifai mai gigabayit 500 sun mayar da hoton a kansa tukuna. Idan akwai irin wannan faifan a hannu, hanya ce mai kyau: a mayar, a bi mataki na 3. Idan babu, Linux tana iya ƙirƙirar fayil da zai yi kamar shi ne babban sashen, alhali ba ya cin sarari sai gwargwadon abin da aka rubuta a cikinsa.

Ka duba sda-pt.sf ka ɗauki girman sashen C. A misalinmu sda3 ne, girmansa kuma size=975304704. Sai ka rubuta:

truncate -s $((975304704*512)) /mnt/ajiya/wucin.img
losetup -f --show /mnt/ajiya/wucin.img

Umarni na biyu zai fitar da suna kamar /dev/loop1. Ka yi amfani da sunan da ya ba ka, domin Clonezilla kanta takan riƙe loop0.

Gargaɗi: faifan da za a ajiye wucin.img dole ya kasance ext4 ko NTFS. FAT32 ba ya karɓar fayil da ya wuce gigabayit 4, exFAT kuma bai san irin wannan fayil mai holoƙon ciki ba, zai nemi cikakken gigabayit 499. Sararin da ya rage a faifan ya kai ninki biyu na nauyin bayanan idan da hali, domin lokacin ragewa guraben da aka matsar suna cin sabon wuri, fayil ɗin yana ƙara nauyi. Idan sarari ya ƙare a tsakiya, kwafin ya lalace sai an sake daga farko, amma hoton asali yana nan lafiya, wannan kuwa shi ne babban alherin wannan hanya.

Yanzu ka shiga foldar hoton ka duba ƙarshen sunan fayilolin sda3. Idan suna ɗauke da zst, da zstd aka matse su. Idan gz ne, da gzip. Wani lokaci an yanka hoton gunduwa-gunduwa masu ƙarewa da aa, ab, ac, alamar tauraro a ƙarshen suna tana haɗa su bisa jeri:

cat sda3.ntfs-ptcl-img.zst* | zstd -dc | partclone.restore -s - -o /dev/loop1

Mai gz sai ya sauya sunan, ya sa gunzip -c a madadin zstd -dc. Idan ya kai kashi 100 ba tare da ƙorafi ba, kana da cikakken kwafin tsohon sashen a hannu. Idan kana son rage kaya, yanzu ne lokacinsa: ka ɗora /dev/loop1 a wata folda, ka kwashe manyan fayilolin zuwa waje, ka sauke shi da umount kafin ka ci gaba.

Ragewar kanta hawa uku ce, kada a haɗa su:

ntfsresize --info /dev/loop1
ntfsresize --no-action --size 200G /dev/loop1
ntfsresize --size 200G /dev/loop1

Na farko yana faɗa maka mafi ƙanƙantar girman da zai yiwu, a layin da ya fara da "You might resize at". Na biyu gwaji ne da ba ya rubuta komai. Sai gwajin ya wuce lafiya ake yin na uku. Idan ntfsresize ta ƙi, ta ce Windows tana cikin dogon barci lokacin da aka ɗauki hoton, ka ɗora kwafin da ntfs-3g -o remove_hiberfile ka sauke, abin da za a rasa shi ne ayyukan da aka bari a buɗe kawai. Idan ta ce an yi wa sashen alamar bincike, ntfsfix -d /dev/loop1 yana cire alamar, sai dai ka sani cire alama kawai yake yi, ba ya gyara ɓarna kamar chkdsk. Idan bayan haka gwajin ya ci gaba da nuna kurakurai a tsarin fayil ɗin, kada ka tilasta. Ka nemi faifai na gaske ka mayar da hoton, Windows ta gyara abinta.

Mai Linux da ext4 zai yi e2fsck -f /dev/loop1, sannan resize2fs -P /dev/loop1 don ganin iyakar ragewa, sannan resize2fs /dev/loop1 200G. A lura G a wurin resize2fs lissafin 1024 ne, a wurin ntfsresize kuma na 1000, wani dalili ke nan na barin rata mai yawa. XFS, wanda Red Hat da danginsa irin su Rocky da AlmaLinux suke zuwa da shi, ba a rage shi. Mafita a nan ita ce a yi sabon XFS a kan ƙaramin sashen, a ɗora kwafin, a kwashe fayilolin da rsync -aAXH, sannan a gyara lambar shaida ta UUID a /etc/fstab.

Wanda hotonsa na dd ne, wato fayil guda mai girman faifan duka, sai ya buɗe shi da losetup -r -P -f --show, wanda zai fito da sassan kamar loop1p1 da loop1p3 ba tare da yarda a rubuta a kansu ba. Daga nan ya kwafi babban sashen zuwa fayil na wucin gadi da partclone.ntfs -b, ya yi ragewar a kan kwafin. Rage hoton dd kai-tsaye yana yiwuwa, amma yin haka taɓa ajiyar da ba ka da ta biyunta ne, ba na ba kowa wannan shawara.

Mataki na 5: Tsara teburin sabon faifai

Na fi son a rubuta teburin da hannu maimakon a bar wa manhaja ta yi kintace, domin ta haka kowane sashe yana riƙe da lambar shaidarsa ta asali, wadda Windows ke nema lokacin tashi. Ka kwafi sda-pt.sf zuwa /tmp/sabo.sf ka buɗe kwafin da manhajar rubutu ta nano. Ka goge layin last-lba gaba ɗaya, tunda yana nuni da ƙarshen tsohon faifan. Sashen EFI, inda fayilolin tayar da kwamfuta suke, wanda a misalinmu ya fara a 2048 da girman 204800, da ƙaramin sashen MSR da Windows ke keɓe wa kanta, da ya fara a 206848 da girman 32768, ka bar su yadda suke. Farkon sda3, wato 239616, shi ma kada a taɓa shi. Lambobi biyu kawai za su sauya: girman sda3 da farkon sda4, wato sashen farfaɗowa.

Ga lissafin. GPT yana ajiye kwafin teburinsa a sektoci 33 na ƙarshen faifai, saboda haka a SSD mai sekta 500118192, sektar ƙarshe da za a iya amfani da ita ita ce 500118158. A ce sashen farfaɗowa girmansa 1228800. Ka cire wannan daga 500118158, ka sauko zuwa lamba mafi kusa da ke rabuwa da 2048 ba saura, za ka sami 498888704, nan ne sabon farkon sda4. Girman sda3 kuma shi ne 498888704 a cire 239616, wato 498649088. Rabuwa da 2048 ɗin tana da amfani, ita ce ke sa sashe ya zauna daidai kan iyakokin cikin SSD, rashinta yana rage sauri. Idan SSD ɗinka NVMe ne, ka sauya sunayen da ke farkon layukan su dace da shi. Sannan:

sfdisk /dev/sda < /tmp/sabo.sf
sgdisk -v /dev/sda

Gargaɗi: umarni na farko yana shafe duk teburin da ke kan faifan da ka ambata. Ka sake duba lsblk kafin ka danna. Na biyu zai gaya maka ko akwai matsala a teburin; idan ya yi ƙorafi, ka koma kan lissafinka.

Mataki na 6: Zuba sassan

Ƙananan sassan ba su sauya girma ba, don haka kai-tsaye ake zuba su daga hoton:

cat sda1.vfat-ptcl-img.zst* | zstd -dc | partclone.restore -s - -o /dev/sda1
cat sda4.ntfs-ptcl-img.zst* | zstd -dc | partclone.restore -s - -o /dev/sda4

MSR ba shi da tsarin fayil, kasancewarsa a teburi ya isa. Wanda ya biyo ta mataki na 3 zai zuba sda3 daga sabon hotonsa da irin wannan umarni. Idan ya fi son menu, ya zaɓi restoreparts a yanayin Expert, ya tabbatar ya zaɓi -k domin kada Clonezilla ta sake rubuta tsohon teburi a kan wanda ya tsara.

Wanda ya biyo ta mataki na 4 yana da ɗan ƙarin aiki, domin tsarin fayil ɗin ya ragu amma wucin.img har yanzu yana nuna tsohon girmansa. Ka sauke shi, ka yanke shi daidai da sabon sashen, ka sake ɗora shi:

losetup -d /dev/loop1
truncate -s $(blockdev --getsize64 /dev/sda3) /mnt/ajiya/wucin.img
losetup -f --show /mnt/ajiya/wucin.img
ntfsfix -d /dev/loop1
partclone.ntfs -b -s /dev/loop1 -o /dev/sda3

Gargaɗi: wannan yankan yana zuwa ne bayan ntfsresize ta gama lafiya, ba kafin ba. Wanda ya yanke fayil ko sashe alhali tsarin fayil ɗin bai ragu ba ya datse bayanan da ke ƙarshensa. Ana buƙatar ntfsfix -d a nan ne saboda ntfsresize takan bar alamar bincike da gangan, partclone kuma ba ta kwafar sashen da ke ɗauke da ita.

A ƙarshe, kowace hanya ka biyo, ka faɗaɗa tsarin fayil ɗin ya cika sashensa da ntfsresize /dev/sda3 ba tare da ka ba shi girma ba. Mai ext4 zai yi e2fsck -f sannan resize2fs a kan sashen.

A nan ya kamata in yi magana a kan -icds, zaɓin da ke cikin yanayin Expert na Clonezilla, wanda ake yawan nuna wa mutane a matsayin gajeriyar hanya, da ɗan'uwansa -C na partclone. Abin da suke yi kawai shi ne hana manhajar duba girma. Ba sa matsar da gurbi ko ɗaya. Partclone da kanta, a saƙon da take fitarwa idan wuri ya yi kaɗan, ta rubuta kalmar Dangerous kusa da -C. Suna da amfani ga wanda ya riga ya rage komai kuma ya tabbatar sashensa na ƙarshe bai wuce iyakar sabon faifan ba. Wanda bai rage ba, ko dai aikin ya tsaya a tsakiya, ko kuma, wanda ya fi muni, ya ƙare kamar lafiya alhali tsarin fayil ɗin yana ɗaukar kansa ya fi wurin da yake zaune girma, ɓarnar ta bayyana daga baya bayan an riga an goge tsohon faifan.

Mataki na 7: Tashin farko

Ka kashe kwamfutar, ka cire filashi da faifan waje, ka kuma cire tsohon faifan idan yana jone. Faifan biyu yanzu suna ɗauke da lambobin shaida iri ɗaya, haɗa su wuri guda a tashin farko yana rikita Windows da Linux duka. Windows za ta fara da binciken faifai, wataƙila ta sake tashi da kanta. Kada ka danna komai don tsallakewa.

Idan ta ƙi tashi, ko ta nuna shuɗin allo mai maganar gyara, ka tayar daga fayil ɗin girka Windows, a allon farko ka danna Shift da F10. Ka rubuta diskpart, sannan list vol, ka gano ƙaramin sashen FAT32, ka zaɓe shi da select vol da lambarsa, ka ba shi harafi da assign letter=S, ka lura da harafin da babban sashen ya samu domin a nan ba lallai ya zama C ba, ka fita da exit. Sannan:

bcdboot C:\Windows /s S: /f UEFI

A Linux, partclone tana riƙe UUID na tsarin fayil, don haka /etc/fstab yawanci ba ya buƙatar gyara sai a wurin swap, wanda ba a kwafar abin da ke cikinsa. Ka sake yin sa da mkswap -U tare da tsohuwar lambarsa, idan ba haka ba kwamfutar za ta riƙa tsayawa tana jiran sashen da babu shi. Idan GRUB, menun tayar da Linux, bai fito ba, sai a shiga ta chroot daga filashi a yi grub-install da update-grub.

Mataki na 8: Tabbatarwa kafin a saki tsohon

Tashin kwamfuta bai isa shaida ba. Ka yi chkdsk C: ka ga ya ƙare ba kuskure, ka kwatanta girman C a Disk Management da wanda File Explorer ke nunawa, su zo kusan ɗaya. Ka buɗe fayiloli daga wurare daban-daban, musamman manya da tsofaffi: bidiyo ka ja shi zuwa ƙarshensa, babban fayil na lissafin kuɗi, akwatin imel. Umarnin reagentc /info zai nuna ko sashen farfaɗowa yana aiki, idan a kashe yake sai reagentc /enable. Shi kuma fsutil behavior query DisableDeleteNotify idan ya ba da 0, TRIM, wato sanar da SSD guraben da aka goge, yana kunne, abin da SSD ke buƙata ke nan. Wanda ya kashe BitLocker ya mayar da shi yanzu, ya adana sabuwar lambar buɗewa mai alƙaluma 48 a wajen kwamfutar.

Fayil ɗin wucin.img ana iya goge shi da zarar an gama waɗannan gwaje-gwaje. Tsohon faifan da hoton asali kuwa a ajiye su mako biyu ko uku ana aiki da SSD ɗin, musamman idan kwamfutar ta mai kawo gyara ce, domin shi ne ya san fayilolin da yake buƙata kuma ba rana ɗaya zai buɗe su duka ba. Kafin a goge su, a ɗauki sabon hoto daga SSD ɗin kansa, wanda girmansa ya dace da faifan da ke cikin kwamfutar yanzu, a bar Clonezilla ta duba cewa hoton yana mayuwa kamar yadda take tambaya kafin ta fara ɗauka.